Amai da gudawar rota: yadda ake kula da yaro daga daren farko zuwa gadon asibiti da komowa gida

Da amai take farawa. Yaron da aka kwantar lafiya lau, sai cikin dare ya farka ya kelayar da duk abin da ke cikinsa, jikinsa da ɗan zafi. A ba shi nono, ya dawo da shi. Kafin rana ta yi tsaka gudawa ta tsinke, ruwa tsululu ba jini, ana cire kunzugu ana sa wani. Na yi irin wannan daren da 'yata tana wata tara. Na ɗauka haƙori ne, na ce bari gari ya waye mu gani, gari ya waye na ce bari zuwa yamma. Da na ɗaga ta da la'asar sai na ji ta yi sakwat a hannuna, idanunta sun zurma, tana kuka ba hawaye. Kwana uku muka yi a asibiti. Abin da na koya a can, da wanda na bi diddiginsa daga baya, shi nake so in shimfiɗa muku daki-daki, domin yawancin yaran da wannan ciwo ke kaiwa gado, ƙarewar ruwan jiki ce ke kai su, kuma wannan abu ne da iyaye ke iya tarewa tun daga gida.

Mece ce rota?

Ƙwayar cuta ce nau'in bairos. An gano ta a 1973, lokacin da Ruth Bishop da abokan aikinta a wani asibitin yara da ke Melbourne ta ƙasar Ostireliya suka duba ɗan yankin hanjin yara masu gudawa da na'ura mai tsananin ƙara girman abu. Siffarta kamar ƙafar keke ce, shi ya sa aka raɗa mata rota, kalmar da ke nufin haka a Latin. Kafin a sami rigakafi, kusan kowane yaro a duniya sai ya kamu da ita kafin ya cika shekara 5, kuma kamuwar farko ce ta fi tsanani, musamman tsakanin wata 6 da shekara 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2013 kaɗai ta kashe yara kimanin 215,000. A ƙasashen da ba a fara rigakafin ba, cikin kowane yara 10 da aka kwantar saboda gudawa mai tsanani, wajen 4 rota ce ta kawo su.

Kada wata uwa ta zargi kanta da ƙazanta. A Amurka, inda ruwan famfo da bayan gida suka wadata, kafin zuwan rigakafi ana kwantar da yara 55,000 zuwa 70,000 duk shekara saboda ita. Dalili shi ne yaron da ya kamu yana fitar da biliyoyin ƙwayoyi a cikin ɗan kashi kaɗan, alhali ƙasa da 100 sun isa su kama wani, ga ta da daɗewa a kan abin wasa da mariƙin ƙofa da hannun mai raino. Tsafta tana ragewa, amma ba ta hanawa.

Idan ta shiga, kamar kwana 2 take yi kafin ta nuna kanta. Tana zama a ƙaramin hanji, ta lalata ƙwayoyin da aikinsu shi ne tsotse ruwa da abinci, sannan ta saki wani sinadari da ke sa hanjin ya riƙa zubo ruwa. Ga amai ya toshe hanyar shiga, ga gudawa ta buɗe hanyar fita. Aman kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, gudawar kuwa takan yi kwana 3 zuwa 8. Babu maganin da ke kashe ta, jikin yaro ne ke korar ta da kansa. Aikinku shi ne ku riƙe shi da ruwa har ta wuce.

Mataki na farko: ku haɗa ruwan ORS tun daga gudawar farko

Kada a jira yaro ya galabaita. Ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda aka fi sani da ORS, shi ne gaba da komai. Sirrinsa shi ne ko hanji ya lalace, yana iya tsotsar gishiri matuƙar akwai ɗan sukari tare da shi, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jini. Sai dai awon ya zama daidai. Ku wanke hannu da sabulu, ku karanta abin da aka rubuta a jikin ƙunshin, don wani na lita ɗaya ne, wani na rabin lita, wani ƙasa da haka. A zuba garin gaba ɗaya a cikin ruwa mai tsabta, tafasasshe da ya huce idan ana shakkar ruwan, a motsa har ya narke, a rufe. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Kuskure biyu na ga ana yawan yi. Na farko, a rage ruwan don wai maganin ya fi ƙarfi. Wannan haɗari ne, domin gishiri ya yi yawa a jinin jariri yana iya kai shi ga jijjiga. Na biyu, a ƙara sukari ko lemo don yaro ya ji daɗin sha, alhali sukari mai yawa jawo ruwa yake yi zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru.

In dare ya yi kuma babu ƙunshin a gida, ana iya haɗawa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, ba a tsiri ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Wannan na wucin gadi ne kafin a samo na ƙunshi, wanda ke ɗauke da wasu sinadaran da jiki ke zubarwa waɗanda babu su a haɗin gida. Ni dai tun daga lokacin ban sake bari gidana ya rasa ƙunshi biyu ko uku ba.

Mataki na biyu: cokali, cokali, cokali

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi karaya. Bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato rubu'in kofi zuwa rabi. Wanda ya kai shekara 2 zuwa sama a ba shi 100 zuwa 200. In yana son ƙari, a ƙara masa.

Amma yadda ake bayarwa ya fi yawan muhimmanci. Yaro mai ƙishi in aka miƙa masa kofi zai kwankwaɗe, cikinsa ya cika, ya mayar da shi duka, uwa ta ce ai ba ya zama. Yana zama, in aka bi shi a hankali. Ku zaunar da shi a cinya, kansa a ɗage, ku ba shi ƙaramin cokali ɗaya, ku dakata minti ɗaya ko biyu, ku ƙara. Sirinji marar allura ya fi cokali sauƙi ga jariri: a ɗiga masa ta gefen kumatu, ba tsakiyar maƙogwaro ba. In ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba amma a ƙara jinkirtawa, cokali ɗaya kowane minti biyu ko uku. Ba duk abin da ya sha yake amayarwa ba, ko da a ido ya yi kama da haka. Sannu ba ta hana zuwa. Cokali ɗaya mililita 5 ne, talatin a awa guda sun zama 150, kuma wannan ruwa ne na gaske a jikin ɗan wata tara.

Aikin yana cin rai, kada a bar wa mutum ɗaya. Uba ya karɓa uwa ta runtsa. A samu takarda a riƙa rubuta lokacin kowace gudawa da amai da fitsari da abin da ya sha. Cikin dare kai kan rikice, kuma takardar za ta yi amfani ƙwarai in an kai ga likita.

Mataki na uku: nono, abinci da zink

Kada a yanke nono ko na awa ɗaya. A ƙara yawan bayarwa ma, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Mai shan madarar gwangwani ya ci gaba da ita yadda aka saba haɗawa, kada a tsinka ta. Wanda ya fara cin abinci, da zarar amai ya lafa a ba shi abin da ya saba ci mai laushi, sau da yawa a rana, ko loma biyu ce. Hana yaro abinci don wai ciki ya huta ba ya rage gudawa, sai dai ya rame shi, kuma hanjin da ya lalace da abinci yake gyaruwa.

Ƙwayar maganin zink, wani sinadari da jiki ke bukata, tana rage tsawon gudawa da tsananinta, tana kuma rage yiwuwar dawowarta cikin watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Awon da aka daɗe ana bi shi ne miligiram 20 a rana ga wanda ya kai wata 6, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Ma'aikacin lafiya na iya rubuta ƙasa da haka don kauce wa tashin zuciya, ku bi abin da ya ce. Ana narkar da ita a cokali da ɗan nono ko ruwa. A cinye kwanakin ko gudawa ta tsaya.

Abubuwan da za a guje wa: lemon kwalba, ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi, abin sha na ƙara kuzari. Ruwa zalla kaɗai ba ya mayar da gishirin da aka rasa. Maganin tsayar da gudawa irin na manya bai dace da ƙaramin yaro ba, yana iya tsayar da motsin hanji, ciki ya kumbura, yaro ya yi ta barci ana zaton sauƙi ne. Antibayotik kuma ba ya taɓa bairos, wani ma ƙara gudawar yake yi. Likita ne kaɗai zai ce a ba shi, in ya ga alamar wata cutar daban, kamar jini a kashi. Maganin amai ma kada a saya a ba yaro da ka.

Mataki na huɗu: ku koyi karanta jikin yaro

Duk bayan awa biyu ko uku, ku duba abu huɗu, su ne dai waɗanda ma'aikatan lafiya ke dubawa.

Yanayinsa. Yana wasa yana kallon mutane? Ko yana ta rigima, ba ya rarrasuwa? Ko kuwa ya yi laushi, ana taɓa shi yana buɗe ido da ƙyar? Shirun yaro mai gudawa ya fi kukansa ban tsoro.

Idanunsa. Sun zurma fiye da yadda kuka san su? Ku ne kuka san fuskar ɗanku, don haka maganarku a nan ta fi ta kowa. Ga jariri a shafa maɗigarsa a ji ko ta lotsa.

Shansa. Yana sha kamar kullum, ko yana wawurar cokali da zalama, ko ya kasa sha gaba ɗaya?

Fatarsa. A kwantar da shi rigingine, a kama fatar ciki tsakanin cibiya da gefe da babban yatsa da manuni, a ɗaga na daƙiƙa ɗaya, a saki. In ta koma nan take, madalla. In ta ɗan tsaya kafin ta kwanta, ruwa ya ragu. In ta wuce daƙiƙa biyu tana tsaye kamar an naɗe tsumma, abin ya yi nisa. Na tuna yadda nas ta yi wa 'yata haka a gabana, fatar ta tsaya, ita kuwa ba ta ce komai ba, sai ta ɗauke ta ta wuce da ita gaban layi. Wannan gwajin ba ya faɗin gaskiya sosai ga yaro mai tamowa ko mai ƙiba ƙwarai, don haka kada a dogara da shi kaɗai.

Idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, wato rigima, zurmawar ido, sha da zalama, fata mai komawa a hankali, to ruwan jiki ya ragu, a tafi asibiti a ranar, ana ba shi ORS a hanya. Idan kuwa biyu daga cikin masu tsanani ne, wato laushi ko suma, zurmawar ido, kasa sha, fata mai tsayawa, to ba a jiran wayewar gari.

Ku kuma lura da fitsari. Gudawa mai ruwa takan ɓoye shi a kunzugu, sai an sa ido. Jaririn da ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba, ko ya yi ɗan kaɗan ja, yana bukatar a gan shi. Bushewar baki da harshe da kuka ba hawaye duk shaida ce.

Mataki na biyar: lokacin tafiya asibiti

Ban da alamun da ke sama, akwai waɗanda ko ɗaya ya isa a kama hanya: jariri ɗan ƙasa da wata 3 da ya fara gudawa ko zazzaɓi, amai da ba ya barin ko cokali ɗaya ya zauna na tsawon awanni, amai kore ko mai jini, jini a kashi, jijjiga, numfashi da sauri da zurfi, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ciki ya kumbura ko yana murɗa masa sosai, zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka. Haka yaron da dama can yake da tamowa, ko ciwon zuciya ko ƙoda, ko raunin garkuwar jiki, ko bakwaini da bai yi ƙwari ba, shi tun da wuri ake kai shi. In kuma an yi kwana 3 ana kula da shi a gida ba ci gaba, a je.

Ku ɗauki katin rigakafinsa, da takardar nan da kuke rubutu, da duk maganin da aka ba shi da kwalinsa, da gorar ORS da cokali, da kunzugu da kayan canji masu yawa, da leda ta zuba masu datti. In kun iso, ku faɗi mafi muni tukuna: “Ba ya iya sha,” ko “Tun safe bai yi fitsari ba,” ko “Ba ya farkawa sosai.” Wannan ne zai sa a gane ba na jiran layi ba ne. Ku faɗi gaskiyar duk abin da kuka ba shi, ko kuna jin za a yi muku faɗa. Da wannan bayanin likita zai yi aiki.

Mataki na shida: abin da zai faru a asibiti

Za a fara auna nauyinsa, domin duk lissafin ruwa a kan kilo ake yi. Sannan a duba alamun nan a yanke hukunci.

In raguwar ruwan matsakaiciya ce, kada ku yi mamaki in an zaunar da ku a benci an miƙo muku kofi da cokali. Iyaye da yawa suna jin kamar an yi musu riƙon sakainar kashi in ba a ɗaura ƙarin ruwa ba. Ba haka ba ne. Ga yaron da ke iya sha, ruwan baki yana aiki daidai da na jijiya, ba zafin allura, ba haɗarin ruwa ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce mililita 75 ga kowane kilo cikin awa 4. Yaro mai kilo 8 zai sha 600, wato cokali ɗaya kowane minti biyu. Bayan awa 4 a sake duba shi. In amai ya matsa, likita na iya ba shi maganin amai sau ɗaya, irin su ondansetron, don ruwan ya samu zama. In ya ƙi sha ko ya gaji, ana iya zura masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki a riƙa ɗiga ORS ta nan. Ganinta ba daɗi, amma tana aiki.

In kuwa ruwan ya ƙare ƙwarai, to ƙarin ruwa ta jijiya ne ba ɓata lokaci. Bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, mililita 100 ne ga kowane kilo, a kashi biyu. Jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ana ba shi 30 ga kowane kilo cikin awa ta farko, sauran 70 cikin awa 5. Wanda ya haura shekara, 30 cikin rabin awa, 70 cikin awa biyu da rabi. Neman jijiyar yaron da ya bushe yana da wuya, ana iya soka shi sau biyu ko uku, ko a nema a ƙafa ko a kai. Ku daure ku riƙe shi, ku yi masa magana. Da zarar ya farfaɗo ya iya sha, za a haɗa masa da ORS da nono. Yaro mai tamowa mai tsanani tsarinsa daban ne, a hankali ake ba shi ruwa kuma da wani haɗi na musamman, don zuciyarsa ba ta jure ruwa mai yawa lokaci guda. In kun ga ruwan wani na gudu na ɗanku na ɗiga, akwai dalili, ku tambaya.

Ana iya ɗibar jini a duba sukari da gishirin jiki, domin yaron da ya daɗe bai ci ba sukarinsa kan faɗi. Gwajin kashi na iya tabbatar da rota ce, amma ba kullum ake yi ba tunda ba ya canza magani. In akwai zazzaɓi, likita zai duba ko wata cutar ce ta ɓuya a bayan gudawar.

Ku ma kuna da aiki a bakin gadon. Kada ku taɓa maɓallin ruwan don ya yi sauri ko ya rage. Ku kira nas in wurin allurar ya kumbura, in ruwan ya tsaya ko ya ƙare, in fatar idon yaro ta kumbura, in numfashinsa ya canza, ko barcinsa ya yi nauyi fiye da da. Ku sanar da fitsarinsa na farko. Ban taɓa zaton zan yi murna da jiƙaƙƙen kunzugu ba sai a daren nan, da asuba, na taɓa na ji ɗumi, na san ƙodarta ta dawo aiki. Ku kuma tuna rota tana yawo a ɗakin yara daga gado zuwa gado. A wanke hannu bayan kowane canjin kunzugu, kada a yi aron kofi ko cokali, kada a ɗauki jaririn maƙwabciya, a bar sauran yaran gida a gida.

Kafin sallama ku tambayi abu uku: nawa zai riƙa sha a gida, kwana nawa ya rage na zink, kuma wace alama ce za ta dawo da ku.

Mataki na bakwai: bayan an dawo gida

Sallama ba ta nufin gudawa ta tsaya. Takan ci gaba na 'yan kwanaki, don haka ORS bayan kowace fita yana nan. A ƙara masa ci ɗaya a kan wanda ya saba kullum har mako biyu don ya mayar da abin da ya zube. Wasu yaran madara takan riƙa ɓata musu ciki na ɗan lokaci, saboda sinadarin narkar da ita yana cikin abin da cutar ta lalata. Yakan gyaru da kansa. Nono dai ba a dainawa, madarar gwangwani kuma kada a canza sai da shawarar likita. Gudawar da ta kai kwana 14 ta zama wata magana, a koma. Ɗuwawunsa kan yi ja ya saɓule, a wanke da ruwa, a bushe ta hanyar dannawa a hankali, a shafa mai mai kauri.

Yaro yana ci gaba da fitar da ƙwayar a kashinsa har kwanaki bayan ya warke. A wanke hannu da sabulu, a goge fo da wurin canza kunzugu da abin wasa da ruwan bilic da aka tsinka, a wanke kayansa daban, kada ya koma cikin yara sai ya yi aƙalla kwana 2 ba amai ba gudawa. Manya ma suna ɗauka, sau da yawa ba tare da sun ji komai ba, su kai wa wani jaririn.

Mataki na takwas, wanda ya kamata ya zo kafin duka: ɗigon rigakafi

Ba allura ba ce, ɗigo ne a baki. Ana farawa daga mako 6 da haihuwa, tare da sauran rigakafin jarirai, a bar aƙalla mako 4 tsakanin ɗigo da ɗigo. Rigakafin iri-iri ne, kowane da sunansa: Rotarix sau biyu ne. RotaTeq da Rotavac da Rotasiil sau uku. Biyun farko sun fito a 2006, biyun ƙarshe a Indiya ake yin su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinsu a 2018. Tun 2009 hukumar ta ba da shawarar kowace ƙasa ta sa shi a jadawalinta, yanzu fiye da ƙasashe 100 sun yi. Kada a yi jinkiri, domin ana so a kammala kafin watannin da cutar ta fi tsanani, kuma ƙasashe da dama suna da iyakar shekarun da ba a bayarwa in an wuce.

Gaskiya ita ce bai hana kamuwa ɗungurungum, abin da yake hanawa shi ne tsananin da ke kai yaro gado. A ƙasashe masu arziki yana kare kashi 85 zuwa sama cikin 100 daga mummunan kamu. A matalautan ƙasashe ƙarfinsa bai kai haka ba: gwajin da aka wallafa a 2010 ya nuna kashi 77 a Afirka ta Kudu, kashi 49 a Malawi. Duk da haka yawan yaran da ya kuɓutar a Malawi ya fi, saboda cutar ta fi yi musu yawa. Don haka yaron da aka yi wa rigakafi zai iya yin gudawa, ta rota mai sauƙi ko ta wata ƙwayar, kuma duk matakan da ke sama suna nan a kansa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata kowane mahaifi ya sani. Rigakafin farko da aka fitar a Amurka a 1998, RotaShield, an janye shi a 1999 saboda an ga yana haddasa wata matsala inda wani sashen hanji ke zurmawa cikin na kusa da shi ya toshe. Na yanzu an gwada su a kan dubban jarirai saboda wannan, kuma haɗarin da ya rage ƙanƙani ne, kamar jariri 1 zuwa 6 cikin 100,000, galibi a makon farko bayan ɗigon farko. Ba a ba jaririn da ya taɓa samun wannan matsalar, ko wanda aka haifa da mummunan raunin garkuwar jiki, ko wanda ɗigon baya ya tayar masa da borin jini mai tsanani. In bayan ɗigon jariri ya riƙa tsala ihu yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi shiru, ya sake, ko yana amai a kai a kai, ko aka ga jini da majina a kashinsa, ko ya yi laushi, a kai shi asibiti a take, a gaya musu ranar da aka ɗiga masa. In an zo da wuri, sau da yawa ana warware hanjin ba tare da tiyata ba.